Shanun Bayan Rai

Jikana ne ya tono wannan zance, shi da nake kira mijina alhali bai taɓa ba ni ko kuɗin cefane ba. Ya zo hutun sallah daga Birnin Kebbi, na ji suna ta juya magana da matarsa a tsakar gida. Wai a wurin aikinsu an ce kowa ya zaɓi inshorar da zai yi wa iyalinsa, akwai wadda ake biya in mutum ya mutu, akwai ta rashin lafiya, shi kuma albashinsa ba zai ɗauki duka biyun ba. Na ce su matso kusa, don ni na zauna da mutumin da ya yi tasa inshorar tun ina da haƙorana duka, kuma ni na yi jinyarsa. Abin da na faɗa musu shi zan maimaita a nan, saboda wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba na faɗin sunansa har gobe. Mutanen Bagudo Na-Lolo suke ce masa, don a kasuwar Lolo fataucinsa ya fi ƙarfi. Zai ɗora wa jakinsa albasa da busasshen kifi, ya haye Kwara, ya bi kasuwannin bakin iyaka har cikin Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin, ya dawo da atamfa da gishiri. Mutum ne marar hayaniya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma taurin kai! In ya ce a'a, to ka nemi wurin zama kawai. 'Ya'yanmu uku a lokacin, maza biyu da mace ɗaya a tsakiya, Rabi, wadda ta kwaso kamanninsa har da tafiya.

Shekarar da aka saukar da tutar Turawa, wani ɗan kudu ya zo Bagudo da kwat da jakar hannu. Ya zauna a rumfar kasuwa yana yi wa malaman makaranta da 'yan kasuwa bayanin inshora da Hausarsa a karkace. Ka riƙa ba kamfani wani abu duk wata, ran da ka mutu su ba iyalinka kuɗi masu auki. Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce wannan ai sayen likkafani ne tun kana gudu. Maigidana bai yi dariya ba. Ya dawo gida, na kawo masa tuwo, ya ci rabi sannan ya ɗaga kai.

"Balki, mutumin ga na da hankali," in ji shi. "Abu guda nis so cikin maganatai, kuɗɗin ba su taɓuwa sai mai su ya mutu. Abu guda kau nik ƙi, takarda ta. Gara na cin takarda, kuma ni ban san ƙohwar gidansu ba."

Na san inda abin ya taɓa shi. Mahaifinsa ya yi shanu a zamaninsa, amma wannan ya zo aro, wancan ya zo da biki, ciwo ya zo ya kwashe saura. Ran da tsohon ya rasu turke da igiya kawai aka tarar. Maigidana ya tashi a gidajen dangi, shi ne mai ƙanzon tukunya, kuma bai taɓa mantawa ba.

Sai ya yi tasa dabarar. Ya sayi karsana biyu ya kai wa wani Bafillace abokinsa, Sambo, wanda rugarsa ke gaba da Tsamiya, cikin Dahome, nesa da idon dangi. Nono na Sambo ne, abin da suka haifa na maigida. Duk shekarar da kasuwa ta yi kyau ya ƙara ɗaya. Ni kam na ji daɗi, na ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ban tambayi yadda suka ƙulla abin a tsakaninsu ba. Mace ba ta tambayar mijinta irin wannan a zamaninmu.

Bayan 'yan shekaru ciwon ya zo, da kaka, an gama yankan shinkafa. Satin farko tari ne busasshe, muka ce sanyin gulbi ne. Na dafa masa citta da kanumfari da masoro, na zuba zuma. Sati na biyu zazzaɓi ya riƙa zuwa da la'asar kamar mai biyan alkawari, da safe kuma in tarar da tabarmarsa sharkaf da zufa. Kafin wata ya cika sai da ya ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli.

Nan fa likitocin gida suka tashi. Wansa, Yaya Tunau, ya zo ya buɗe masa baki ya leƙa, ya ce, "Beli na, shi as sauka shina taɓa mai maƙogwaro." Aka kira wanzami ya yanke belin, aka ba shi kaza da hatsi. Bawan Allah ya yi kwanaki ko kunu ba ya iya haɗiyewa, tarin kuwa ko gezau. Innata ta aiko da sassaƙe mai ɗacin da ko akuya ba za ta lasa ba. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce sammu ne, abokan fatauci ne suka jefe shi. Aka yi rubutu, aka yi ƙaho, aka yi turare har idona ya yi ja. Ban raina kowa ba, duk don ƙauna suka yi. Sai dai kowace shawara da kazarta take tafiya.

Wata safiya yana alwala ya yi tari ya tofar, ya yi maza ya ja ƙasa da ƙafa ya rufe. Ya ɗauka ban gani ba. Da ya tafi masallaci na je na tone, na ga jini. Ranar ban yi shawara da kowa ba, na tasa shi gaba sai wurin disfensa. Disfensa ya ba mu jan magani a kwalba, amma ya faɗi gaskiya, ya ce wannan ya fi ƙarfin kwalbarsa, mu tafi babban asibiti na Birnin Kebbi.

Na sayar da akuyata, muka bar yara wurin Inna. Ranar kasuwa muka hau motar lodi, a saman buhunan shinkafa, ta Zagga. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya yi tari, ni kuma in riƙe shi kada ya zame.

Wanda bai ga layin asibiti na wancan zamani ba bai ga jama'a ba. Tun asuba ake kama shi, kuma duk sammakonka ka tarar da wani ya kwana a nan. Likita ɗaya ne, Bature, ga mutane daga Kamba, daga Bunza, har daga ƙasar Nijar. Mun yi kwanaki kafin mu kai gabansa. Ya saurari ƙirjin maigida gaba da baya, aka ba shi gwangwani ya tofa kaki, aka ce mu dawo. Da muka dawo tafintansa ya ce tarin fuka ne. Na fid da rai, don a garinmu wanda aka ce yana da tarin fuka sai a fara yi masa kallon bankwana. Amma likitan ya ƙara wata magana, tafinta ya juya mana ita, kuma har yau tana kunnena: "Ciwon nan yana jin magani, amma ba ya yafe wa wanda ya bar shi a rabi." Ya ce allura kullum, watanni masu yawa, ga ƙwayoyi, ya ci nama da ƙwai da nono, kuma a ware masa ƙwaryarsa.

Gado bai samu ba, gadaje sun cika. Wani mutumin Zagga da suka saba a fatauci ya ba mu ɗaki a gidansa bai karɓi ko anini ba, Allah ya haskaka kabarinsa. Maganin ma ba shi ne ya karya mu ba. Zaman birni ne. A Bagudo itace na bayan gari, kifi na gulbi, ganyen miya na bayan ɗaki. A birni har itacen hura wuta sai ka kwance ƙullin zane. Sati na farko kuɗin akuya ya tafi. Na biye da tasoshin aurena, ɗaya bayan ɗaya, dillaliya tana taya su kamar tana yi mini alfarma. Sannan zannuwana na fita. Daga baya muka aika wa Yaya Tunau ya sayar da jakin.

Amma fa magani ya yi aiki. Akwai wata nas, ƙatuwar mace mai fara'a, ita ke yi masa allura, tana kiransa Baba Bagudo. Shi da ko ni ba na ganin bayansa sai ga shi yana sassauta wando gaban 'yar mutane kullum, yana ƙunƙuni. Cikin wata na biyu zufa ta ɗauke, jini ya tsaya, kumatunsa suka fara dawowa. Ran da ya ture kwano ya ce miyata ta yi gishiri, na fita bayan ɗaki na yi hamdala, don mai ƙorafin gishiri ba shi da niyyar mutuwa.

Cikin wata na uku, bazara ta shigo, na kwance ƙullin zanena na ga babu abin da ya rage sai na tuwon kwana biyu. Na bari ya ci ya ƙoshi, na zauna nesa kaɗan, na sassauta murya.

"Malam, a aika wurin Sambo shi sai da saniya guda. Guda ɗai."

Ya daɗe yana wanke hannu. "Shanun ga ba nau ba na, Balki."

"Na wa na?"

"Na marayu."

"Waɗanne marayu? Ga ubansu nan zaune ya gama cin tuwo!"

Ya yi murmushi, irin wanda na fi tsana. Ya ce ai ya warke, ga shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ga damina na tahowa gona ba kowa. Na tuna masa maganar likita. Ya ce likita bai san Bagudo ba. Na je na faɗa wa nas, ta zo ta yi masa faɗa da Hausarta da Turancinta, ya sunkuyar da kai yana cewa to, to. Ranar kasuwa ta zagayo ya naɗe tabarmarsa. Na bi shi, don ba ni da abin da zan ciyar da shi ko da ya zauna.

Da farko sai ka ce shi ne mai gaskiya. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, ya yi noman fari, har yana yi mini ba'a wai ina likitana. Kafin a yi maimai tarin ya dawo, kuma ya dawo da fushi. Wannan karon bai tsaya yin sallama ba, jini ya fara da shi. Cikin 'yan makonni mutumin da ke ɗaga buhun gishiri shi kaɗai ya koma sai na tallafe shi zuwa bayan gida. Na sake roƙonsa a sayar da saniya ɗaya. Na roƙe shi da girman Allah, na roƙe shi da darajar mahaifiyarsa. Ya ce, "Ubana haka yaf fara, da guda."

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba a zaman aurena, na tafi ba da izninsa ba. Na ce masa za ni dubiyar wata gwaggota a Ka'oje, Yaya Tunau ya raka ni. Kwara ta cika ta batse, muka haye a kwalekwale ina ta salati. Muka wuce Tsamiya, duwan na wancan ɓangare, masu tsaron iyaka, suka leƙa ƙwaryata suka ga ba komai suka ce mu wuce. Da la'asar muka isa rugar Sambo, daidai shanu na dawowa. Ya nuna mini namu da sanda. Sun yi ɓul-ɓul, bayansu na sheƙi, ga 'yan maruƙa na tsalle. Na dube su na tuna haƙarƙarin mijina.

Matar Sambo ta dama mana fura, muka gaisa, Yaya Tunau ya faɗi abin da ya kawo mu. Sambo dogo ne siriri, ba ya kallon mutum a ido. Yana zana ƙasa da tsinke ya yi magana.

"Uwargida, ashe bai gaya miki ba. Ran da yak kawo shanun ga, gaban tsohon malami na Tsamiya munka tai, anka ɗauko Alƙur'ani. Shi ya rantse ba shi taɓa su muddin shina da rai. Ni kau na rantse ba ni jin saƙon kowa. Ya ce ko matata taz zo, ko wana, ko anka kawo maka takarda da sunana, kak ka ji. Ya ce ranar na zuwa da za su zo, kuma za su zo da gaskiyassu."

Yaya Tunau ya miƙe ya yi ta faɗa, ya ce zai kai ƙara wurin alƙali. Sambo ya ce ya kai, amma alƙalin wace ƙasa? Abin da ya ƙona mini rai, ashe tun yana da lafiyarsa ya hango ni a wannan wuri, durƙushe ina roƙo, kuma ya toshe mini ƙofa tun kafin in taso.

Da safe Sambo ya kamo ragonsa na kansa ya ba Yaya Tunau igiyar, ya ɗora mini goran man shanu. Idonsa ya yi ja. Ya ce in gai da sobajonsa, wato abokinsa. Tun daga rugar har bakin Kwara ina zagin Sambo a zuci, man shanunsa na kaina. Yau da na tsufa na san mutum irin Sambo ba a samunsa a kasuwa. Amma a ranar da ma a ce maci amana ne, da na fi son haka.

Muna shiga gida maigida ya ga ragon, ya ga goran. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Kin gan su? Lahiya suke?" Wallahi da ba a kwance yake ba ban san abin da zan yi masa ba. Na yi kwanaki ba na ce masa komai in ban da tashi, sha, juya.

Jinya ta koma ta gida. In dafa ruwa in goge masa jiki, in juya shi kada bayansa ya yi gyambo, in haƙa rami in binne kakinsa. Maƙwabta suka rage shigowa, mai sallama ya tsaya daga zaure ya yi ya jiki ya juya. Wadda muke aron turmi da ita ta daina karɓar ruwa a gidana. Ban ga laifinsu ba, amma ya yi mini zafi. Mazan yaran na tura su gona tare da Yaya Tunau. Rabi ce ta ƙi kora. Shekarunta ba su wuce takwas ba, amma ita ce mai fifita, ita ce mai kore masa ƙuda. Na ware masa ƙwaryarsa kamar yadda likita ya ce. Sai dai a garinmu ragowar uba albarka ce, ɗan da ya fi soyuwa ake miƙa wa. Naman ragon nan da nake dafa masa, ashe yanka ɗaya yake ci, in na juya baya ya tura mata ƙwaryar.

Wani hantsi, gero ya fara fitar da kai, ina daka a tsakar gida, shi yana kwance a inuwar ɗaki. Rabi ta yi tari. Na riga na ji shi kwanaki ina cewa mura ce, ina toshe kunnena. Amma ranar ta yi shi dogo, busasshe, irin wanda na sani kamar yunwar cikina. Na tsayar da taɓarya. Na waiwaya na ga ya ɗago kai yana kallonta.

"Tun yaushe?" ya tambaye ni.

"An kwan biyu."

"Tana zuhwa da dare?"

Na ce tana yi. Ya mayar da kai ya kwanta yana kallon sama. Ni kuwa abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso mini gaba ɗaya. Na tura Rabi ɗebo ruwa, na zo na tsaya a kansa.

"To Malam, ga marainiyakka ta hwarko nan. Tana da shanu, tana da gado. Sai dai ba ta ganin likita sai ka mutu, kuma yadda nika ganinta, ba lalle ta jira ka ba."

Ban taɓa gaya wa wani mahaluki magana mai nauyin wannan ba. Hawaye ne kawai suka gangaro ta gefen idonsa suka shiga kunnensa. Can ya ce, "Kira mani Yaya. Shi zo da jakinai."

Na ce a'a, a dai aika wa Sambo ya zo nan ya ji daga bakinsa. Ya ce rantsuwa a gaban malamin Tsamiya aka yi ta, tsohon kuma ya makance ba ya fita ko ƙofar gida. A je a kira Sambo, a dawo, a sake komawa, yarinya na jira? "Da ƙahwata nit tai niɗ ɗaure," in ji shi, "da ita za ni in kwance." Ƙafar da ko zaure ba ta kai shi.

Muka ɗauke shi. A kwalekwale na kwantar da kansa bisa cinyata, karo na farko a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba. A wancan ƙetare muka ɗora shi a jaki, Yaya Tunau na riƙe da shi ta dama ni ta hagu, mu yi 'yar tafiya mu sauke shi a gindin itace. Muka kwana a Ka'oje. A Tsamiya aka kira Sambo, muka shiga zauren tsohon malamin. Ya saurari komai, ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya yi alherin ya ciyar da miskinai goma. Ya ƙara da cewa da an zo masa tun bara, abin da zai faɗa ke nan. Na dubi maigida, ya kau da kai.

Ya nace sai an kai shi rugar. Duwan suka ga halin da yake ciki, ko tambaya ba su yi ba. Aka zaunar da shi a jikin bukka, Sambo ya koro shanun gabansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗaga sanda da ƙyar ya nuna wata ja mai farin goshi.

"Wagga."

Na ce, "Biyu, Malam. Guda tata, guda taka."

Sambo ya durƙusa gabansa ya ce in ba ya son a taɓa nasa, ya ɗauki ɗaya cikin na Sambo. Yaya Tunau, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya ce shi zai ɗauke shi a baya har cikin mota. Maigida ya bari muka gama, ya ce shi ya san abin da yake ji a ƙirjinsa, ko motar Zagga ba zai kai ba. Gaskiya ya faɗa, duk mun gani. Tafiyar ta ƙarasa cinye ƙarfinsa.

Aka sayar da saniyar a kasuwar Tsamiya. Na ce zan zauna har maigida ya ɗan ji ƙarfi, ya ce ba don in zauna ya hayo Kwara ba. "Ki tai da ita. Kuma kak ki dawo sai likita da bakinai ya ce ku dawo." Na tattara ƙullina. Har na kai bakin bukka ya kira sunana.

"Balki, ki yahe mani."

Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa a ranar. Zuciyar ta biyo baya, amma ta daɗe a hanya.

Na ɗauko Rabi daga wurin Inna, muka hau motar lodi. Layin nan dai, ɗakin mutumin Zagga nan dai. Nas ta gan ni ta ce, "Ina Baba Bagudo?" Na nuna mata Rabi, ta dube ta, ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba. Ita ce ta riƙa ɓoye wa yarinyar ƙwai a aljihun rigarta.

Ba mu cika wata ba, wata safiya muna kan layi na hango Yaya Tunau a bakin ƙofar asibiti yana dube-dube. Mutumin da ko gona ba ya barin wa kowa da kaka. Tun kafin ya gan ni na sani. Ya ce maigida a hannun Sambo ya cika, da kalmar shahada, kuma can aka binne shi kusa da rugar. Layi ya matsa, na bi, don in na fita sai na koma baya. Aka yi wa Rabi allurarta sannan na samu gindin bango na zauna. Wani malami ya ce tunda lalura ce in yi takabata a inda nake, kuma a wannan ɗaki na yi ta.

Ba zan ci amanar maigida ba. Sauran shanun sun yi abin da ya ajiye su dominsa. Sambo ya riƙe su har yaran suka girma, da su aka yi musu karatu da aure, ɗana ko ɗaya bai ci ƙanzon gidan wani ba. Mutumin ya hango nesa, na yarda. Kusa ne bai duba ba. Saboda haka duk mai shirin ajiye wa iyalinsa wani abu, ko takardar kamfani ce ko saniya, ya tambaya tun da wuri: yaushe ake taɓawa, kuma wa ke da ikon cewa a taɓa? Ya zaunar da matarsa ya gaya mata, ba raini ba ne. In ƙarfinsa ya kai, ya ajiye na kabari ya ajiye na shimfiɗa, don kafin mutuwa ta iso yawanci ciwo take aikowa. 'Ya'ya na son gado, amma ku tambayi Rabi, yau da jikokinta, za ta gaya muku abin da ta fi so.

Mun zauna har likita da bakinsa ya ce ta warke. Kuɗin jar saniyar nan su suka ciyar da mu duk watannin, itace, nama, nono, sabulu, har na yi wa Rabi sabon zane don na da ya yi mata kaɗan. Ran da muka hau motar komawa gida na taɓa ƙullin zanena na ji da sauran canji a ciki. Saniya ɗaya ta isa, har ta yi saura. Ita ce ɗayar da na roƙe shi tun bazarar farko, yana zaune da ƙarfinsa yana wanke hannu. Tun daga Birnin Kebbi har Bagudo ban daina kuka ba, Rabi na barci a jikina da ƙibarta, mutanen motar suna ta yi mini barka, sun ɗauka na murna ne.